Taken Sarkin da Na Koya Ban Ji Ba

Babana ya zo Alƙahira da ƙoda biyu da suka daina aiki, da akwati ɗaya, da taurin kan da na san shi da shi tun ina goye. Lokacin zafi ne, shekarar dubu biyu da goma sha huɗu. Mijina ƙaramin ma'aikaci ne a ofishin jakadanci, muna zaune a wani bene a bakin Ard al-Liwa, inda in ka tsallaka hanyar jirgin ƙasa ka shiga Mohandessin. A can asibitin da ake yi wa Baba wankin ƙoda yake. Ni nake kai shi, ni nake dawo da shi, ni nake shan faɗa in miya ta yi masa salam, alhali likita ne ya hana shi gishiri, ba ni ba.

A garinmu, can gindin duwatsu a kudancin Kaduna, Baba ne mai kaɗa ogan na coci. Ya gada ne daga mahaifinsa. Ogan ɗin tsohon akwatin katako ne da Turawan mishan suka bari, mai zugazugi irin na maƙera a ƙasa. Sai kana takawa da ƙafa iska ke shiga, in ka ɗauke ƙafa ko ka danna da dukan ƙarfinka ba zai ce uffan ba.

Akwai wani kiɗa ɗaya da gidanmu ke riƙe wa gari. Lokacin da bishara ta shigo, Turawa sun hana a shiga coci da gangar sarki, wai ta dodanni ce. Sarki kuwa ba ya shiga ko'ina ranar naɗinsa sai da takensa. Sai kakana ya ɗauki taken nan daga ganga ya mayar da shi kan ogan, aka rabu lafiya. Tun daga nan, ranar da sabon sarki ya karɓi sanda ya zo coci sujadar godiya, da wannan kiɗan yake shiga. Kashi uku ne: na ƙofa, na tafiya, da na zama, wanda ake kaɗawa har sarki ya zauna a kujerarsa.

Sau ɗaya ake kaɗa shi wa kowane sarki. Ba a rubuta shi, ba a rera shi da baki, ba a ma yi masa fito. In ya yi ƙara ba sarki ne ke shigowa ba, mutanenmu sun ce an ci wa sarki ranarsa, ba zai daɗe a kan gado ba. Saboda haka a cikin coci ake koyar da shi, ƙofa a rufe, daga mai koyarwa sai mai koyo, ƙafafu a ɗage daga zugazugi. Yatsu ne kawai ke koya, kunne ba ya samun komai. Baba ya kaɗa shi sau ɗaya a rayuwarsa, kafin a haife ni. Ni ban taɓa jin sa ba.

Yayana aka koya wa, shi ne namiji. Ni kuwa in na raɓi ogan ɗin ina ƙarama, kora ce da tsawa. Waƙoƙin sujada da na iya, a wurin yayan nawa na sata, daga baya na riƙa kaɗa wa zumuntar mata. Yayana ya mutu a rikicin da ya biyo bayan zaɓe, shekara uku kafin zuwan Baba Masar. An tare motarsu a hanya. Daga nan Baba bai ƙara koya wa kowa komai ba, ya zauna da kiɗan a hannunsa shi kaɗai.

Muna cikin wannan jinya aka bugo waya daga gida cewa tsohon sarki ya rasu. Ba a daɗe ba aka ce masu zaɓe sun tsayar da sabo, ɗan ɗan'uwan marigayin, za a ba shi sanda in damina ta ja baya. Baba ya sa na tambayi likita ko zai iya tafiya gida ya dawo. Likitan ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce tsohon nan in ya tsallake wanki biyu sai dai a kawo labari, ina injin yake a ƙauyenku? Na fassara wa Baba da sauƙi-sauƙi, amma ya riga ya karanta a fuskar mutumin.

Kwana biyu bai yi maganar ba. Ran nan ina yanka albasa ya leƙo kicin yana dafa bango.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "ki nemo mana coci mai ogan."

Na ajiye wuƙar. Raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye ba. Na ce masa yau kuma ni ce za a koya wa take? Ni da ake kora da tsawa? Ashe dai rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. Bai ba ni haƙuri ba, Baba bai san hanyar da ake bi a ba da haƙuri ba. Ya ce in na gama surutun, in tuna cewa shi kaɗai ya rage, kuma kwanansa ba su da yawa. Na juya na ci gaba da yanka albasata, na bar ta ta ɗauki laifin hawayen.

Mijina ya kawo shawara irin ta 'yan boko. Ya ce a sayo ƙaramin kibod a cire masa batir a koya a falo, ko kuma a ɗauki hannun Baba a waya yana dannawa, shi ke nan an adana. Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce taken sarki ba fim ba ne, kuma falon surukinsa ba ɗakin Allah ba ne. Mijina ya ce ma'alish, wato ba komai in ji Misirawa, ya ɗauki jakarsa ya tafi aiki.

Cocin da muke zuwa yana tsakiyar gari, sai an haye kogi. Tsohon gini ne mai sanyi, 'yan Sudan da 'yan Habasha da mu 'yan Najeriya da ragowar Turawa muke cika shi ranar sujada. Akwai ogan a ciki, babba, mai bututu jere a bango har kusa da rufi. Wannan ba a taka shi da ƙafa don iska, injin lantarki ne ke hura shi, makunninsa yana gefe ƙarƙashin madannai. Fasto ya ba mu izinin zuwa da rana a ranakun da ba wanki, bayan wata tsohuwa Bamisira da ke kaɗa wa coci ta gama gwajinta. Mai kula da ginin, wani dattijo ɗan Sudan, shi ya nuna mini makunnin. Da na ce masa mu a kashe muke so, ya sa na maimaita. Ya ce mutane na roƙo a kunna musu, mu mun haye kogi da marar lafiya don mu kashe. Ya girgiza kai ya ja mana ƙofa.

Kai, na sha wahala a kan kujerar nan. Zuwan ma kaɗai aiki ne. Tasi a cikin cunkoson gada, zafi kamar bakin murhu, sojoji a kan hanya suna leƙa mota, Baba a baya ƙafafu sun kumbura sun cika silifa. In mun isa sai ya huta a bencin farko kafin ya iya kaiwa wurin ogan. Abu na farko da nake yi shi ne in murɗa makunnin in kashe, in danna madanni ɗaya mu tabbatar, sannan mu fara.

Yakan ɗora hannunsa a kan nawa ya danna yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ɗauke, in yi ni kaɗai. Awon kiɗan kuma da diddigensa yake buga mini a kan ƙafata. Abin da nake ji kawai shi ne ƙwas-ƙwas na katako, da numfashinsa, da tattabaru a saman taga. Amma shi yana ji. Idonsa a kan yatsuna, sai ya yamutsa fuska ya ce na yi kuskure, sautin ya yi tsami. Wane sauti? Na ce masa Baba, ni fa kurma ka mayar da ni, kana ce mini waƙa ta yi tsami. Ya ce yayana bai taɓa yi masa gardama ba. Na ce ai shi ya sa Allah ya bar maka ni, don ka ɗanɗana. Mun yi irin wannan cacar baki ba sau ɗaya ba, a cikin ɗakin Allah, muna raɗa.

Abin da ya fi tsana shi ne in tsaya. In yatsana ya zame na ɗauke hannu don in gyara, sai ya make bayan hannuna, ni da nake da 'ya'ya a makaranta. Ya ce sarki ba ya tsayawa a tsakiyar coci yana jiran mai kiɗa. Ko rufi ne ya faɗo, ki ci gaba. Haka ya yi ta yi mini har hannuna ya koyi tafiya shi kaɗai, ko hankalina ya tafi kan abincin dare.

Wani lokaci in na yi daidai daga fari zuwa ƙarshe, sai in ga ya rufe ido, kansa na kaɗawa a hankali. Yana can wata rana da ban sani ba, yana saurayi, coci cike. Kishi nake ji, gaskiya. Ni ke kaɗawa, shi ke jin daɗin.

Kafin zafi ya fara sauka na riƙe na ƙofa, na riƙe na tafiya. Saura na zama. Baba ya ce ba zai fara shi ba sai ya ga biyun nan sun zauna daram, don na ƙarshen ya fi su wuya. Na ce masa ya dubi ƙafafunsa ya dubi kalanda. Ya ce gaggawa aikin shaiɗan ce. Muka shirya cewa ni zan tafi gida in kaɗa, mijina ya riƙa kai shi wanki har in dawo.

A shekarar nan an yi ta ɗauke wuta a Alƙahira, unguwa bayan unguwa. Ranar da abin ya faru, tun a tasi na ga shaguna sun yi duhu, masu su na zaune a waje suna fifita da kwali. Muka tarar da dattijon nan a bakin ƙofar coci shi ma yana fifita. Ya ce babu wuta, tsohuwar ma tana cikin gwaji aka ɗauke, ta tattara takardunta ta tafi. Baba ya ce to madalla, yau ko makaho ya san ogan a mace yake. Na zauna na danna madanni, shiru. Ban kai hannu ƙarƙashi na duba makunnin ba, shi ma bai ce in duba ba.

Wane ɗan Najeriya ne zai ga an ɗauke wuta da rana tsaka ya tsaya tunanin za a dawo da ita yanzu? A garinmu in ta tafi sai ka manta da ita, wani lokaci har mako. Na zauna a Masar, na san tasu ba ta daɗewa, takan je ta dawo kafin ka gama dafa shinkafa. Na sani da kaina, amma jikina na gida ne, na Baba kuwa ba a magana. Tsohuwar ta bar makunnin a kunne, ta bar duk muryoyin ogan ɗin a buɗe kamar yadda take so.

Na gama na ƙofa, na shiga na tafiya, ina tsakiya. Sai na ji fanka ta motsa a sama, da wani dogon huci daga cikin bango. Kafin in gane abin da ake ciki, ginin gaba ɗaya ya ɗauka.

Ban taɓa jin abu irin wannan ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce ban ji daɗi ba. A cikina na fara jin sa kafin kunne. Hannun hagun nan da na yi makonni ina dukan katako da shi ba tare da na san me yake yi ba, ashe ganga ce. Gangar sarki ce sak, mai nauyi, tana takawa a hankali. Hannun dama kuma yana sama yana kirari. Kaina yana cewa ki tsaya, hannuna bai san wannan kalmar ba, an riga an doke ta daga jikinsa. Ya ci gaba, layi ɗaya, layi biyu, har sai da Baba ya faɗo da ƙirjinsa a kan hannayena ya danne su. Ogan ya yi wata muguwar kururuwa. Na zare hannu ɗaya na laluba na kashe makunnin.

Sautin ya daɗe yana yawo a rufi kafin ya mutu. Daga bakin ƙofa sai muka ji tafi. Dattijon nan ne, Allah sarki, ya leƙo yana murmushi, yana cewa ashe mun iya, me ya sa muke ɓoyewa.

Muka shiga tasi muka koma gida. Na riƙe shi muka hau bene, yana tsayawa a kowane hawa. Da muka shiga ya zauna a bakin gado ya ce in kira masa Madaki, babban masu zaɓen sarki, abokinsa tun na yarinta.

Na durƙusa a gabansa, abin da ban yi ba tun ranar aurena. Na ce Baba, ka rufa mana asiri. Tsautsayi ne, ba ganganci ba. Ƙasar wasu ce, teku da hamada tsakaninmu da gida. Rabi ne ma, bai kai ƙarshe ba. Na ce kai fa dattijon ikilisiya ne, kai ka koya mana cewa rai da mutuwa a hannun Allah suke, ba a hannun akwatin katako ba. Na ce wa ya ji? Tattabaru da tsoho ɗan Sudan da bai san ma sunan garinmu ba.

"Ni na ji," ya ce.

Na tashi na yi ta masifa. Na faɗa masa maganganun da 'ya ba ta faɗa wa uba. Mijina ya dawo ya ji labari, ya ɗauke wayar Baba ya sa a aljihu, wai a bari ya huce. Baba bai yi gardama ba. Washegari ranar wanki ce, na shirya na fito, na same shi kwance da rigar barci. Ya ce ba inda za shi sai ya yi magana da Madaki. Na ce to ka mutu mana. Ya ce to. Zuwa azahar fuskarsa ta fara kumbura, numfashinsa na fita da ƙyar. Ni da kaina na kira mijina a ofis na ce ya kawo wayar.

Da harshenmu suka yi magana, ba da Hausa ba, kuma Baba bai rage komai ba. Bai ambaci tsohuwar ba, bai ce ni ce ban duba ba. Ya ce shi ne mai koyarwa, a hannunsa taken ya fita. Madaki ya ce za su zauna da dattawa.

Amsa ta zo bayan 'yan kwanaki. Dattawa sun ce take ya riga ya fita, ya fita a ƙasar baƙi, a coci ba kowa, ba a mayar da shi ciki. Wannan sarkin zai shiga ba take. Za su yi abin da za su yi, fastoci ma za su yi azumi, don a tsare ransa. Kiɗan kuma a ajiye shi wa sarki na gaba. Ba su ɗora wa gidanmu tara ba, saboda ciwon Baba da kuma yayana. Amma gari ƙarami ne, kafin rana ta faɗi kowa ya ji.

Daga ranar Baba ya saki jiki. Yana zuwa wanki, yana cin abin da aka ba shi, ba ya ma ƙorafin gishiri, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. In na ce mu je coci, saura na zama, sai ya juya fuska. Na lallashe shi, na yi fushi, na kai ƙararsa wurin fasto. Na ce masa sarki na gaba fa, wa zai kaɗa masa in ka tafi da shi? Ya ce hannun da ya ci wa sarki rana ba shi da abin da zai koya wa wani. Na ce wutar Masar ce ta ci, ba hannunka ba. Ko kallona bai yi ba.

Ana cikin haka hannunsa na hagu, inda ake soka allurar wanki, ya kama ciwo. Ya kumbura ya yi baƙi, zazzaɓi ya rufe shi, aka ba shi gado. Yana kwance aka yi naɗin a gida. Wani ɗan'uwa ya turo wa mijina hoton bidiyo. Na kalla a barandar asibiti ni kaɗai. Ga cocinmu cike, ga sabon sarki a bakin ƙofa da sanda, ga ogan ɗin kakana an lulluɓe shi da zane an ɗora masa furannin roba. Samarin ƙungiyar mawaƙa ne suka kunna kibod mai ganga a ciki, suka kaɗa wata waƙar da ake yi a kowane biki, har da na suna. Sarki ya yi tafiyarsa da sauri kamar mai neman wurin zama a mota.

Na shiga ɗaki na ɓoye wayar. Baba ya san ranar, yana ƙirgawa. Ya tambaye ni da me sarki ya shiga. Na faɗa masa. Ya juya ya fuskanci bango, na ga kafaɗarsa na rawa. Ban taɓa shi ba, na san ba zai so ba.

Da safe na kawo masa kunu. Ya sha kaɗan ya ture kofin.

"Uwata, miƙo hannunki. Coci ya yi mini nisa yanzu."

Na ja kujera na shimfiɗa hannuna a kan gado, ciki a sama. Ya ɗora yatsunsa na dama a kan fatata, daga wuyan hannu zuwa gwiwa, ya fara dannawa. Kashin ƙarshe ne, na zama, hannun dama. Yana yi yana faɗa mini da raɗa inda yatsa zai haye baƙin madanni. Sai in maimaita a kan cinyarsa ta saman bargo, in na yi kuskure ya tsunkule ni, don ba shi da ƙarfin duka. Masu jinya na shiga suna fita, sun ɗauka addu'a muke yi irin ta ƙasarmu. Muka yi haka kwanaki, in zazzaɓi ya sauka mu yi, in ya hau mu bari, har hannun dama ya zauna.

Saura hagu, saura gangar. Hannun nasa yana naɗe da bandeji, ya yi suntum, yatsun ba sa lanƙwasuwa. Ya gwada nuna mini da hannun dama, abin ya ƙi. Babban yatsa yana inda ƙarami ya kamata ya kasance, sai ya fara ya rikice. Na ce ya faɗa mini da baki, madanni kaza sai kaza. Ya rufe ido ya daɗe yana nema, sannan ya ce bai sani ba. Shi ma ba a taɓa faɗa masa da baki ba, hannun ne ya sani. Ya dubi hannun nan da ke kwance a kan filo kamar na wani, ya ce a bari kumburin ya sauka.

Bai sauka ba. Wata safiya na je gida in yi wanka in dubo yara, kafin in tsallako hanyar jirgi in dawo, an ja masa zane har kai.

Muka kai shi gida a jirgi, shi a ƙasa wurin kaya, mu a sama. An yi jana'iza babba, sarki ma ya aiko wakili. Bayan an watse, Madaki ya sa aka kira ni bayan coci, inda ba kowa. Ya tsufa ƙwarai, yana dogara sanda. Ya ce 'yata, ya ba ki duka?

Na ce ranka ya daɗe, saura hannun hagu na kashin ƙarshe.

Na tambaye shi ko shi zai iya tunawa, tunda yana wurin ranar da Baba ya kaɗa. Ko bugun ne kawai, ya buga mini a kan sandarsa, ba sai ya yi sauti ba. Ya ce shekarun da yawa. Abin da ya riƙe kawai shi ne lokacin da sarki ya zauna, mata suka fashe da kuka. Masu gangar asali kuma sun ƙare tun zamanin kakana. Madakin ma bai ƙara shekara ba ya bi abokinsa.

Mun bar Masar da aikin mijina ya ƙare. Yanzu in na je gida nakan karɓi mabuɗin coci in rufe ƙofa, in yaye zanen, in ɗage ƙafafuna. Ina yin na ƙofa, ina yin na tafiya. In na zo kan na zama, hannun dama ya tafi, na hagu ya zauna a cinyata. Wani lokaci nakan ce in ƙirƙira masa wani abu, wa zai gane? Sai in kasa.

Sarkinmu yana nan lafiya lau, ya yi ƙiba, ya gina asibiti. Na girme shi da shekara biyu, ajinmu ɗaya da yayarsa a firamare. Gaɓoɓin yatsuna sun fara ciwo in an yi sanyi, taken kuwa sai sarki na gaba. Ranar Lahadi in fasto ya ce mu yi wa sarki addu'a, Allah ya ja zamaninsa, ya ba shi tsawon rai, nakan ce amin da ƙarfi, fiye da kowa a bencinmu, don ina tsoron abin da zuciyata za ta ce in na yi shiru.